Gidan Addams da Gidan Badamasi: Ina Dodon Ya Ke?

Duk wanda ya tashi a gidan da a ke da tsoho ko tsohuwa, a Gusau ne, ko Tsafe, ko Bungudu, ya san irin maganar da jika kan yi wa kakarsa. Yaro ya shigo, ya tarad da tsohuwa zaune bakin ƙofa tana jan carbi, ya ce mata, "Ashe har yanzu kina nan? Yaushe za ki tafi mu sha gumba?" Ita kuwa ta ɗaga sanda ta ce, "Ja'iri, sai na goya ɗanka tukuna." Kowa a tsakar gida ya fashe da dariya, tsohuwa ma ta fi kowa jin daɗi. To, da wani baƙo ne ya shigo ya faɗi wannan magana, da an yi rigimar da sai mai unguwa ya raba. Maganar ɗaya ce, bakin da ta fito ne ya bambanta. Jika ya faɗe ta don ƙauna, kowa kuwa ya san ran da tsohuwar ta cika shi ne zai fi kowa kewarta.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane tun da fari cewa wasa da zancen mutuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Muna da shi tun kaka da kakanni, sai dai mun kafa masa iyaka. Akwai kuwa wani irin wasan kwaikwayo na majigi wanda a ke ginawa a kan wannan. A kan ɗauki gida guda, mai mutane masu baƙuwar ɗabi'a, a haɗa abin tsoro da abin dariya cikin ƙwarya ɗaya a miƙa wa mai kallo. Gidaje biyu na ke so mu leƙa. Ɗaya na Amurka ne, a na ce da shi gidan Addams. Ɗayan namu ne na ƙasar Hausa, watau gidan Alhaji Badamasi. In mun leƙa su duka biyu, sa'an nan mu tambayi kanmu, shin a wane gida dodo ya ke zaune?

Asalin gidan Addams

Wani mai zane ne, Ba'amurke, sunansa Charles Addams, ya ƙago mutanen wannan gida. An haife shi cikin 1912, ya rasu cikin 1988. Tun daga 1938 ya fara zana su a wata mujalla da a ke kira The New Yorker. Zane ɗaya ne a kan buga, wani lokaci da 'yar magana layi guda a ƙarƙashinsa, wani lokaci ba ko kalma. A lokacin nan mutanen ba su da ko sunaye. Sai daga baya aka raɗa wa kowa nasa, cikin 1964 kuma aka mai da su wasan talabijin. Wasan ya yi shekara biyu a na nunawa, ya tsaya cikin 1966.

Bayan shekara 25 aka sake tono su, aka yi babban fim mai suna The Addams Family, watau Iyalin Addams, cikin 1991. Barry Sonnenfeld ne ya ba da umarni, shi ne kuwa fim na farko da ya shugabanta, don dā aikinsa ɗaukar hoto ne. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, har ya kawo kuɗi fiye da dala miliyan 190. Cikin 1993 aka yi na biyu, Addams Family Values. Waɗannan biyu su ne zan fi dogara a kansu, don a ganina su ne gindin abin. An yi waɗansu na zane mai motsi cikin 2019 da 2021, sa'an nan cikin 2022 kamfanin Netflix ya fito da wasa mai dogon zango a kan 'yar gidan, wanda samarinmu da yawa suka gani a wayoyinsu.

Mutanen gidan

Maigida sunansa Gomez, attajiri ne mai fara'a, mai son wasan takobi, ba ya zama wuri ɗaya. Raul Julia ne ya fito a matsayinsa. Uwargida ita ce Morticia, wadda Anjelica Huston ta fito a madadinta, doguwa, fara fat kamar wadda ba jini a jikinta, kullum cikin baƙaƙen tufafi, ba ta ɗaga murya ko gida na cin wuta. In an kawo mata furanni sai ta sa almakashi ta datse kawunan ta zubar, ta jera ƙayoyin cikin kasko tana sha'awa. Suna da ɗa namiji, Pugsley, da 'ya mace wadda sunanta ranar Laraba ne da Turanci, Wednesday. Da a nan aka haife ta da Balaraba za mu ce da ita. An ɗauko sunan ne daga wata tsohuwar waƙar yara ta Ingilishi wadda ta danganta ranar da baƙin ciki, mu ma kuwa mun san yadda tsofaffinmu ke ɗari-ɗari da Larabgana, Larabar ƙarshen watan Safar. Yarinyar ba ta dariya, ba ta kuka, ba ta kuma ɓoye gaskiya kome ɗacinta. Christina Ricci ce ta yi wasan tun tana 'yar shekara goma ko sha ɗaya, ita ce kuwa gishirin finafinan duka biyu.

Akwai baffan yara, Fester, mai ƙwalƙwalin kai, wanda kan sa ƙwan lantarki a baki ya kama. Akwai kaka, kullum tana gaban tukunya tana dafa abin da ba a tambaya. Akwai baran gida, Lurch, dogo kamar giginya, ba ya magana sai nishi. Akwai wani ɗan'uwansu wanda gashi ya rufe shi tun daga ka har ƙafa. Sa'an nan akwai wani hannu, hannu kurum ba jiki, yana yawo a kan 'yan yatsunsa yana aikace-aikacen gida. Sunansa da Turanci ma'anarsa "abu", saboda haka mu sai mu ce da shi Abu, ba mu yi ƙarya ba. Gidansu tsohon bene ne mai duhu da yanar gizo, maƙabartar kakanninsu kuwa tana nan a bayan gida, nan su ke zuwa shan iska.

Dabarar wasan ɗaya ce, watau juya al'amari. Abin da mutane ke gudu su shi su ke so, abin da mutane ke so su shi ke ba su ƙyama. Hadari da tsawa su ne kyakkyawan yini a gare su. In yaro ya kwana lafiya bai yi mugun mafarki ba sai uwa ta damu. Amma fa su ba su san su ne dabam ba. A ganinsu su ne daidai, maƙwabtansu ne abin tausayi. Wannan rashin sani shi ne tushen dariyar. Da ɗayansu zai juyo ya ƙyafta wa mai kallo ido, ya nuna ya san wasa ya ke yi, da abin ya lalace nan take.

Fim na 1991

Ga yadda labarin ya ke. Fester ya ɓace shekara 25, bayan wani saɓani da ya shiga tsakaninsa da ƙanensa Gomez, Gomez kuwa bai daina begensa ba. Lauyan gidan, wanda bashi ya yi wa katutu, ya haɗa baki da wata mata mai ba da rance da ruwa. Matar tana da wani ɗa da ta rena, mai kama da Fester kamar an tsaga kara. Suka aske masa kai, suka kai shi gidan da sunan wai ɓataccen ne ya komo, don ya gano musu inda taskar dukiyar ta ke.

Gomez ya rungume shi da kuka. Balaraba ce kaɗai ta tsaya tana dubansa, don ta ga abubuwan da ba su yi daidai ba. Amma abin da maƙarƙatan ba su lissafa ba shi ne, mutumin da suka aika ya sami abin da bai taɓa samu ba. Ya ga gidan da a ke murna da ganinsa. Ya shiga koya wa yara yadda za su yi wasan makaranta da jinin ƙarya, har suka jiƙe iyayen yara da ke zaune a sahun gaba. Ya yi rawar gado ta gidan tare da Gomez suna cafe wuƙaƙe. Kafin a jima zuciyarsa ta rabu biyu.

Da dabara ta ƙi, sai lauya ya bi ta hanyar shari'a. Ya je wurin wani alƙali maƙwabcinsu, wanda dā ma ya ƙosa da su, aka yanke cewa gida da dukiya na Fester ne tun da shi ne babba. Aka kori iyalin suka koma wani ƙaramin masauki. Uwargida ta nemi aikin koyar da ƙananan yara, ta ba su tatsuniya ta ɓangaren mayya har suka ɓarke da kuka. Abu ya kama aikin kai saƙo. Maigida kuwa ya zube gaban talabijin kamar wanda aka zare wa laka. Daga ƙarshe baƙon nan ya juya wa masu aikensa baya, ya ceci iyalin, tsawa ta faɗa masa, hankalinsa ya komo, ashe shi ne Fester na gaskiya, mantuwa ce ta same shi. Lauya da matar kuwa guguwa ta yi jifa da su cikin kaburbura biyu da yaran suka riga suka haƙa.

Mai karatu ya duba da kyau. Cikin labarin nan duka wa ya yi ƙarya? Wa ya ci amana? Wa ya yi kwaɗayin abin wani? Ba mai baƙaƙen tufafi ko ɗaya a ciki. Lauya ne mai kwat da taye, da mace mai maganar hankali, da alƙali mai zaman mutunci. Masu kama da dodanni su ne suka riƙe zumunci, masu kama da mutanen kirki su ne suka zo sata.

Fim na 1993

Na biyu ya fi na farko kaifi, a ganina kuma ya fi shi kyau, ko da ya ke bai kai shi kasuwa ba. Paul Rudnick ne ya rubuta shi. Sunansa ma habaici ne, don a lokacin zaɓen Amurka na 1992 'yan siyasa sun yi ta cika baki da zancen kyakkyawar tarbiyyar iyali. Sai masu fim suka ce, to, ga namu iyalin, ku auna.

An yi wa gidan haihuwa, ɗa namiji, har da ɗan gashin bakinsa irin na uban. Kishi ya kama yayyensa, suka shiga neman hanyar kau da shi, yau su sako shi daga kan soro, gobe su sa shi ƙarƙashin injin fille kai, kullum yana kuɓuta. Aka ɗauko mai reno, Debbie, fara, mai murmushi, mai fararen tufafi, kyan ɗan maciji. Sana'arta ita ce ta auri attajiri, ta kashe shi, ta ci gado. Joan Cusack ce ta yi wasan, ta kuwa yi shi har mutum ya riƙa dariya yana jin tsoro. Ta sa aka tura yaran wani sansanin hutu don kada su tona ta, ta auri Fester, ta yi ta ƙoƙarin kashe shi ya ƙi mutuwa. Da ta ga haka sai ta yi abin da ya fi kisa ciwo a wannan gida, ta hana shi ganin danginsa.

A nan ne wurin da na fi so. Da zumunci ya yanke, sai ciwo ya shiga gidan. Maigida ya kwanta. Jariri kuwa ya kamu da wata cuta mai ban tsoro: gashin bakinsa ya ɓace, kumatunsa suka yi ja, gashinsa ya zama mai laushi kamar na 'ya'yan maƙwabta, yana ta murmushi. Iyaye suka tsaya a kansa hankali tashe. Mai kallo yana dariya, amma in ya koma gida ya yi tunani sai ya ga magana ce babba aka gaya masa. Gidan da wuƙa da guba da wutar lantarki ba su yi wa kome ba, rabuwar 'yan'uwa biyu ta kusa rushe shi. Mu ma mun ce ɗan'uwa rabin jiki.

A can sansani kuma, masu kula da yara, masu dariyar dole, suka ware 'ya'yan masu kuɗi kyawawa suka ba su manyan matsayi cikin wasan bikin godiya da Amurkawa kan yi kowace shekara. Sauran yara, baƙaƙe da naƙasassu da marasa farin jini, aka ba su matsayin mutanen asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar. A tsakiyar wasa Balaraba ta bar abin da aka rubuta mata, ta tsaya ta lissafa wa iyayen da suka taru yadda aka ƙwace ƙasar mutanen nan aka tsiyata su, sa'an nan ita da ƙawayenta suka cinna wa dandalin wuta. Da wasa a kan gaya wa wawa gaskiya. Abin da littafin tarihi zai faɗa cikin shafi ɗari, yarinya ta faɗe shi cikin minti biyu.

Gidan Badamasi

Yanzu mu komo gida. Masu shirya finafinan Hausa sun daɗe suna ba da dariya. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu cikin Disamba 2014, ya shekara da shekaru yana sa mutane riƙe ciki. Amma yawancin finafinan camama a kan mutum ɗaya su ke tsayawa, wawa ko mayaudari, a bi shi daga wannan ɓarna zuwa waccan. Ba kasafai a kan gina gida sukutum ba, mai ɗabi'arsa da dokokinsa, a sa gidan kansa ya zama abin kallo.

Wasan da ya yi wannan sosai shi ne Gidan Badamasi, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa cikin 2019. Nazir Adam Salihi ne ya rubuta, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Magaji Mijinyawa kuwa ya fito a matsayin Alhaji Badamasi. Alhaji tsoho ne, attajiri, yana zaune kan keken guragu, hannunsa kuwa a dunƙule ya ke kamar na jariri. Ya yi aure-aure, ya tara 'ya'ya barkatai, kowane da irin halinsa, ba mai kama da wani sai wajen abu ɗaya: idon kowa na kan dukiyar tsohon.

A nan ba maƙabarta a bayan gida, ba hannu mai yawo, ba jemage. Riguna ne da huluna da mayafai irin namu, da gaisuwa irin tamu. Duk da haka na ce wannan gida ya fi na Addams duhu. Dalili kuwa, a ƙasarmu wanda ya ƙura wa dukiyar tsoho marar lafiya ido, ko bai faɗa ba, kowa ya san ranar da ya ke lissafi. A gidan Addams a na ta ambaton mutuwa, amma ba mai fatan ta ɗauki wani. A gidan Badamasi ba sai an ambace ta ba, tana zaune a zaure kamar baƙon da a ke jira ya buɗe jakarsa. Jikan nan da na fara da shi yana kiran mutuwa da baki, zuciyarsa na roƙon Allah ya ja kwana. Magajin da kwaɗayi ya ci kuwa yana cewa "Allah ya ja kwana" da baki, zuciyarsa na wani lissafi.

Ƙarfin wasan shi ne bai ɗora laifi a kan 'ya'ya su kaɗai ba. Uban da ya yi ta aure yana saki, ya haifi 'ya'ya bai rene su a inuwa ɗaya ba, ya hana su abin hannunsa sa'ad da su ke bukata, shi ya shuka abin da ya ke girba. Wannan kuwa ba labarin Kano ba ne kurum. Wanda ya taɓa zama a kotun alƙali a Gusau ran da a ke shari'ar gado, ya ga 'yan uba sun zo kowa da ɓangarensa ba mai gai da wani, ya san gidan Badamasi yana da rassa a kowane gari. Shi ya sa mutane ke dariya har da hawaye, don kowa yana ganin wani nasa a ciki, wani ma kansa ya ke gani.

Inda kowannensu ya gaza

Kada a ce na yabi gidajen nan ban ga yoyonsu ba. Fim ɗin Addams na 1991 labarinsa ba shi da ƙwari. Kamar tsakiya ce masu kyau aka shirya a zare marar ƙarfi. Zancen tsawa ta faɗa wa mutum ya tuna ko shi wane ne, hanya ce ta wanda ya rasa yadda zai ƙulle labari. Da an bar shi baƙo ne na gaskiya, wanda ƙauna ta mai da shi ɗan gida, da maganar ta fi nauyi. Har ila yau, zumuncin gidan yana zaune ne a kan taskar zinariya. An ɗanɗana musu talauci kwana kaɗan aka mai da su cikin daula. Mu da muka san yadda babu ke raba wa da ƙane, muna so mu ga ko ƙaunar nan za ta kai shekara a gidan haya. Sa'an nan ba kullum ne muguntarsu ke faɗa wa mai laifi ba. A farkon fim ɗin, suna kan soro suna shirin juye tafasasshen kasko a kan mutanen da suka zo yi musu waƙar biki, waɗanda ba su yi musu kome ba.

Akwai kuma abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Fim ɗin ya ƙare ne da iyali sun ɗauki shebur sun shiga maƙabarta wasan tashin matattu. Mu kuwa maƙabarta wurin sallama ne da addu'a da tuna makoma. Miji da mata suna nuna soyayyarsu a gaban 'ya'ya ba kunya, ko da ya ke dole a yaba wa Gomez, bai taɓa ɗaga ido ya dubi wata ba. Abin da ya fi duka, yara a fim suna wasa da wuƙa da wutar lantarki su tashi lafiya. Yaron gaske ba ya tashi. Saboda haka ba fim ne da za a miƙa wa ƙaramin yaro waya a bar shi da shi ba.

Gidan Badamasi kuma ciwonsa irin na dogon wasa ne. In zango ya yi yawa sai a koma maimaita abin da ya ba da dariya jiya, hayaniya ta maye gurbin hikima. A nan masu wasanmu suna da abin koyo wurin Morticia da 'yarta, waɗanda ke kashe mutum da dariya ba su ɗaga murya ba, ba su ko motsa fuska ba. Ba ihu ne ke kawo dariya ba, faɗin abin mamaki ne kamar ba kome.

Ko ya dace mu yi dariya?

Saura tambaya mai nauyi, ba kuwa zan kauce mata ba. Wani zai ce, a Zamfara ta yau, inda 'yan bindiga suka shekara da shekaru suna zub da jini, inda mutanen ƙauyukan Tsafe da Bungudu da yawa suka bar gonakinsu, inda matafiyi kan bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ta Kwatarkwashi da addu'a a bakinsa, ina mu ina dariya da zancen kabari? Mai wannan magana yana da gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Lalle akwai bambanci tsakaninmu da waɗanda aka yi wa finafinan Addams. A Amurka yawanci kamfani ne ke ɗaukar mamaci, ya gyara shi, ya sa shi cikin akwati, a yi kwanaki kafin a binne. Mutum ya kan girma bai taɓa taɓa gawa ba. Mutuwa a gare su abu ne da a ke ɓoyewa, shi ya sa in aka fito da ita tsakar gida aka ba ta kujera sai abin ya ba su dariya. Mu kuwa mu ke wanke namu, mu ɗauki makara a kafaɗa, mu binne kafin rana ta faɗi, mu zauna karɓar gaisuwa. Ba a ɓoye mana ita ba balle a ba mu mamaki da ita. Saboda haka rabin abin da ke ba Ba'amurke dariya a fim ɗin, mu ba zai motsa mu ba.

Amma ɗaya rabin namu ne, tun kafin a ƙago majigi. Kakanninmu da suka ga yaƙi da yunwa da annoba ba su daina ba da tatsuniyar Dodo da dare ba, ba su kuma hana jika tsokanar kakarsa ba. Sun san tsoron da aka yi wa dariya ya kan ragu, wanda aka yi shiru da shi kuwa ya kan ƙaru. Abin da suka kafa shi ne iyaka, iyakar kuwa a fili ta ke. A na wasa da mutuwa, ba a wasa da mamaci. A na yi wa tsoro dariya, ba a yi wa mai makoki. Mai faɗin maganar kuma sai ya zama na gida, wanda in abin ya auku shi ma zai yi kuka. Da wannan mudu ya kamata mu auna kowane fim irin wannan, na waje ne ko na gida. Wanda ya ɗauki hoton waɗanda aka kashe ya mai da shi abin raha a waya, ya faɗi wannan awo tun bai fara ba. Wanda ya sa muka yi wa kwaɗayinmu da rowarmu dariya har muka ji kunya, ya ci.

To, ina dodon ya ke? A gidan Addams mun neme shi cikin maƙabarta da ɗakunan duhu ba mu gan shi ba, sai ga shi ya shigo ta ƙofar gaba da murmushi da takardar lauya. A gidan Badamasi ba daga waje ya zo ba, a cikin gida aka haife shi, rowa ce uwarsa, kwaɗayi ne ubansa. Maigidan da ya kalli wasannin nan ya yi dariya ya tashi, bai yi asara ba. Amma wanda ya kalla, sa'an nan ya kira 'ya'yansa na ɗaki-ɗaki ya haɗa su a kan akushi ɗaya, ya biya wa wannan kuɗin makaranta, ya ba wancan jari tun yana da rai, ya fi shi riba. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar mu da zumunci.